Hodar da Ake Kira Lafiya Lau

"Ƙara min a hagu, Matar Malam. Wannan kuncin ne yake tona min asiri."

Na'ima ta karkata ɗan akwatin kwalliyar wajen hasken taga, ta kewaya da buroshi gefe-gefen gurbin hodar. Tsakiya ta daɗe da ƙarewa, farin ƙarfen ƙasa ne kawai yake ƙyalli, sai ɗan abin da ya maƙale a kusurwoyi. Ta tattaro shi, ta shafa a kuncin Mama Asabe daga kusa da hanci zuwa kunne. A hankali take yi, don fatar ta saki, in ka danna ta sai ta jima ba ta dawo ba.

"Mama, in na ƙara, na Lahadi mai zuwa ba zai isa ba."

"Lahadi mai zuwa tana hannun Ubangiji. Ta yau ce a hannunki. Ƙara."

Ta ƙara. Ƙarfe uku da rabi ta wuce, ƙarfe huɗu daidai Mercy za ta kira daga Fatakwal, kiran nan da ake ganin juna a waya. Wata huɗu ke nan kowace Lahadi haka ake yi.

Duk wanda ya zauna a layin nan na Malali ya san Mama Asabe, ko da yake Maman Mercy aka fi kiran ta. Mutuniyar Zonkwa ce, shekara talatin da ɗaya tana buga takarda a ofishin wata makaranta har ta yi ritaya. Mijinta Yakubu ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya tal. Katanga guda ce tsakanin gidanta da na Malam Husaini, mai koyar da 'yan kasuwa karatun Alƙur'ani bayan la'asar. Da aka kawo wa Malam amaryarsa Na'ima shekara goma sha biyu da suka wuce, Mama Asabe ce ta leƙo ta kan katangar nan ta ce mata tuwonta yana kamawa. Daga nan suka ƙulle. Na'ima kuwa sana'arta kwalliyar amare, a gida take yi, kuma hannunta yana da kyau. Amaryar da ta kwana uku tana kuka, in ta fito daga ɗakinta sai ka rantse barci ta sha.

Akwatin kuwa Mercy ce ta aiko shi Kirsimetin bara. Ɗan siriri ne mai murfin ruwan zinari da taurari, a ciki kala takwas ta fatar ido, biyu ta kumatu. Ranar da ya iso Mama Asabe ta yi dariya har da tafi.

"Yarinyar nan so take a kore ni daga Zumuntar Matan coci. Ina ni ina wannan?"

Ta cilla shi saman kabad. Yana nan har watan takwas, lokacin da likitoci suka buɗe cikinta suka rufe ba su taɓa komai ba, suka ce ciwon daji ne a hanji, ya riga ya bazu. A wannan makon dai Mercy ta kira da murna, cikinta ya shiga wata shida. Sau uku tana ɓari kafin wannan, likita ya ce ta kwanta, ko bokiti kada ta ɗaga, ko ɓacin rai kada ya kusance ta.

Mama Asabe ta sa aka ɗauko akwatin, ta kaɗe shi, ta kira Na'ima.

"Ƙanena Timothy ya sani, Fasto ya sani, ke ce ta uku. Mercy ba za ta sani ba sai ta sauka lafiya. Ki yi min fuskar da za ta gani ta kwantar da hankali. Kin yi alkawari?"

"Mama, wannan abu da nauyi."

"Na san da nauyi, shi ya sa ban ba wa ragguwa ba. Kin yi?"

"Na yi."

Kowace kala da sunanta a rubuce da Turanci, irin sunayen nan masu karya harshe. Mama Asabe ta sa tabarau ta karanta, ta ce ɗaya wai ƙanƙara ce a kan tuffa, ɗaya wai tauraro ne a cikin shayi, ta ce mutanen nan ba su da aikin yi. Na'ima ta gwada kalolin a bayan hannunta. Guda ɗaya ta kumatu ce ta karɓi fatar, ba ja ba ce can, ba ruwan ƙasa ba, wani abu ne tsakani, kamar cikin gwanda da ta nuna. Da ta gama ta miƙa mata madubi. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗan rusuna wa madubin.

"A'a, Asabe, ke ce? Ina kwana?" Ta sake murya ta amsa wa kanta, "Lafiya lau!"

Shi ke nan, suna ya bi hodar. Ta kumatu ta zama Lafiya Lau. Wata mai ruwan zuma da ake shafawa a fatar ido don ɓoye ramin da ya faɗa, ita kuma ta zama Da Sauƙi. In ka ji su ta taga sai ka ɗauka gaisawa suke yi. Miƙo min Da Sauƙi. Kin cika Lafiya Lau yau, rage.

Ba hoda kaɗai ba ce aikin. Na'ima ta gano kujerar da za a zaunar da ita, inda hasken taga zai zo daga dama. Ta gano cewa in aka ɗaga wayar sama kaɗan, wuya ba ya fitowa. Ɗaurin kallabi babba take yi mata, ta yafa mata gyale biyu a kafaɗa don su cika. Ita take riƙe wayar, ita take matsar da ita gefe in ciwo ya murɗo, kamar hannu ne ya gaji.

Tun watan goma da ƙarfen ƙasa ya fara leƙowa ta shiga nema. Ta je babbar kasuwa, ta je Kawo, ta shiga kantunan Unguwar Rimi masu sanyi inda ake kallon takalminka kafin a gaishe ka. Wata yarinya mai dogayen farata ta juya akwatin, ta nuna mata rubutun bayansa.

"Hajiya, wannan ai na bikin bara ne. Sau ɗaya suke yin sa, in ya ƙare ya ƙare. Ko su masu kamfanin ba su da shi. Ga na bana."

Na bana kuwa shuɗi ne da shunayya, sai walƙiya kamar takardar alewa. Na'ima ta dawo gida ta yi ta haɗa nata kalolin, ta niƙa wannan da wancan a murfin kwalba. Duk wanda ta shafa wa Mama Asabe sai ya tsaya a saman fata, ya nuna kansa, ta zama kamar wadda aka shirya wa wasan kwaikwayo. Lafiya Lau kaɗai ke shiga ciki ta zauna kamar jini.

Ƙarfe huɗu wayar ta yi ƙara. Mama Asabe ta haɗiye abin da ke maƙogwaronta, ta miƙe zaune, ta buɗe fuska.

"Maman Joy! Ina jikata?"

Mako uku ke nan da Mercy ta haihu, 'ya mace, ta hanyar tiyata. Ta sha wuya, jininta ya hau, har yanzu bai gama sauka ba. Uwar mijinta Nathaniel ce take mata wankan jego, don Mama Asabe ta ce gwiwa ce ta hana ta doguwar tafiya. Aka ɗago jaririyar aka nuna, kaka ta yi mata 'yar waƙa, ta ce hancin na Yakubu ne, Allah ya sa kada ta kwaso har da taurin kansa. Amma Mercy ba ta yi dariya ba.

"Mama, muryarki ba ta yi min ba. Tun wancan makon nake ji. Nathaniel ya samo mana kujera a jirgin ranar Talata, zan zo."

"Da ɗinki ɗanye? Da jini a sama? Ke likita ce ko ni ce mahaukaciya? Dube ni da kyau."

Ta matso da fuskarta, ta juya dama, ta juya hagu kaɗan.

"Kin ga kayanki? Kin ce ba na shafawa."

"Na gani, Mama. Kin yi kyau." Mercy ta ƙura wa wayar ido. "Anti Na'ima tana nan, ko? Na san ita ke riƙe wayar. Anti, juyo min da ita."

Na'ima ta juya wayar. Ta ga idon Mercy ya kumbura da rashin barci, jaririya a kafaɗa.

"Anti, ke matar Malam ce, ba kya ƙarya. Tsakaninki da Allah, yaya jikin Mama?"

To, ka san mutanenmu. Ko an ɗauko mutum ranga-ranga, in aka tambaye ka jikinsa, kalma biyu ce take fitowa tun kafin ka yi tunani. Ta bayan wayar Na'ima tana ganin Mama Asabe ta haɗa tafin hannu biyu a ƙirji tana roƙon ta ba murya.

"Da sauƙi," in ji Na'ima.

Mercy 'yar Kaduna ce, ta san abin da kalmar nan take iya ɗauka. Da ita kaɗai aka ba ta, da ba ta karɓa ba. Amma ga fuska ta gani da idonta, kumatu cike da jini. Ta sauke numfashi.

"To shi ke nan. Zan bari a cire ɗinkin, mu zo bayan Kirsimeti, ranar ashirin da bakwai. Ki ajiye min kazata, Mama."

"Biyu ma."

Ana kashe wayar Mama Asabe ta zube a kujera kamar an zare mata ƙashi. Na'ima ta kawo roba, ta riƙe mata goshi har ta gama amai, ta goge mata baki. Hodar tana nan daram a kumatu, ko gezau.

"Mama, kin ce sai ta sauka. Ta sauka."

"Ta sauka, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Kwana goma ne kawai, 'yata. Zan kai. Ki bar yarinya ta yi Kirsimeti ɗaya da jaririyarta ba tare da kuka ba."

Da safe Na'ima tana zuba wa Malam koko ta ba shi labari, domin dama ya san komai tun farko. Ya juya ludayi a cikin kokon.

"Na'ima, ba ta tambaye ki gaisuwa ba. Ta ce tsakaninki da Allah."

"Malam, ai ban ce ta warke ba. Da sauƙi na ce."

"Bakinki ya ce da sauƙi. Hannunki fa, me ya ce mata?"

"Alkawari na ɗauka."

"Na sani. Ba na ce ki karya ba, ban kuma ce ki riƙe ba. Ina dai gaya miki, uwar nan ba taki ba ce ke kaɗai, ba kuma ta kanta ba ce ita kaɗai."

Ranar Litinin ɗin nan sau uku tana nemo lambar Mercy tana ajiye wayar. In ta tuna idon nan da ya kumbura, da jinin da ya hau, sai ta ga kamar ita za ta kashe mai jego da bakinta. Ranar Talata, ranar da jirgin nan ya tashi babu Mercy a ciki, Mama Asabe ta sha kunu rabin kofi, har ta zauna a ƙofar ɗaki tana faɗa da mai ruwa kan ya jiƙa mata tsakar gida. Na'ima ta ce a ranta, to, ai ga shi, za ta kai.

Ranar Laraba ba ta tashi ba. Ruwa ma in an ɗiga mata sai ya dawo. Timothy ya zo daga Rafin Guza da wata ma'aikaciyar jinya 'yar cocinsu, ta duba ta, ta fito tsakar gida ta girgiza kai. Timothy, namiji mai furfura, ya tsaya yana murza hula.

"Ni ta sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki," ya ce. "Ba zan iya ba, Na'ima."

Na'ima ta koma gidansu ta jingina da katangar nan, ta kira. Ba mai ganin fuska ba, na murya kawai.

"Mercy, ki zo."

"Anti? Me ya faru? Shekaranjiya waccan kika ce da sauƙi."

"Ki zo kawai. Ki taso yau."

Ana saura kwana biyar Kirsimeti, ina za a sami kujera a jirgi? Nathaniel ya buga ko'ina, babu. Sai mota suka nema, da direban da zai bi a hankali saboda ɗinki, su kwana a hanya. Da asubar Alhamis suka taso.

Da hantsi mata huɗu na Zumunta suna zaune a kan tabarma suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, Mama Asabe ta buɗe ido ta nemi Na'ima. Sai da ta sa kunne kusa da bakinta sannan ta ji.

"Na ji Timothy yana waya. Sun taso?"

"Sun taso, Mama. Gobe war haka suna nan."

"Kin karya alkawari, Matar Malam."

"Na karya."

Wani abu kamar dariya ya motsa a gefen bakinta.

"Da na san za ki karya, ai da na ce ki karya da wuri."

Na'ima ta kifa kai a gefen katifa. Hannun nan da ya zama kamar tsinke ya lalubo ɗankwalinta ya dafa.

"Saura nawa a gurbin?"

"Shafa ɗaya, Mama. Shi ma da ƙyar."

"Ki ajiye mata. Kada ta gan ni haka."

Daga nan ba ta ƙara magana ba. Ta sha faɗa cewa ranar Asabar ta zo duniya, ranar Asabar za ta koma, don ita ba ta son canjin tsari. Ba ta kai ba. Kafin a kira azahar a masallacin layi, matan suka daina waƙar a tsakiya, babbarsu ta miƙa hannu ta rufe mata ido.

Mercy ta iso ranar Juma'a da rana, ta tarar da rumfa a ƙofar gida. Na'ima tana jin ihunta daga nata tsakar gidan. Da yamma ta shiga yi mata gaisuwa, ta durƙusa ta ce, "Mercy, ya haƙuri?" Mercy ta dube ta, ta kawar da kai ta ci gaba da ba jaririya nono. Dangi ba su bari ta je ɗakin ajiye gawa ba saboda jininta. Aka tsayar da cewa gobe Asabar da safe za a kawo ta gida a yi bankwana, sannan a wuce da ita Zonkwa, kusa da mijinta.

Ƙarfe bakwai motar ta iso. Aka shigar da akwatin gawar cikin falo, aka ɗora a kan benci biyu, gefe ɗaya yana kallon ƙofa inda mutane za su bi su wuce, ɗaya gefen kusa da bango. Ba a jima ba Timothy ya buga ƙofar Malam Husaini, ido jawur.

"Malam, ka yi haƙuri da abin da zan roƙa. Mutanen can sun ɓata mata fuska. Ba zan iya buɗe wa jama'a ita haka ba."

Na'ima tana bayan labule, akwatin kwalliyar yana hannunta tun asuba. Ba ta taɓa yi wa gawa kwalliya ba. A wajensu wanka ne da farin likkafani, fuska a rufe. Malam ya waiwayo.

"Maƙwabciyarki ce. Je ki."

Aka rufe mata ƙofar falo ita kaɗai. An sa wa Mama Asabe zanen Zumuntar Mata da farar riga, an ɗaura mata kallabi a karkace. Fuskar kuwa an zazzaga mata farar hoda har cikin gira, kamar wadda ta wuni a injin niƙa, an ja mata baki da wani ja mai kururuwa.

"Kai, Mama," in ji Na'ima. "Da kin ga kanki da kin kori kowa."

Ta jiƙa auduga da man zaitun ta fara gogewa, daga goshi zuwa haɓa, sanyin fatar yana shiga mata yatsu. Ta gyara ɗaurin. Da farar hodar ta tafi, fuskar gaskiya ta fito, wadda ita da Timothy da bangon ɗaki suka fi kowa sani: ƙashin kunci a tsaye, ramin ido, launin toka. Ta ɗan shafa Da Sauƙi a fatar idon dama. Ta ciro fil daga ɗankwalinta ta kankare kusurwoyi huɗu na gurbin Lafiya Lau, ta tara garin wuri ɗaya, ta raba shi biyu. Ta ɗauki rabi ta yi kuncin dama, wanda ke wajen ƙofa, daga kusa da hanci zuwa kunne. Ko a yanzu ma hodar ba ta ƙi ba, ta shiga ta zauna. Ta ɗauke sauran rabin da buroshi, gurbin ya zama fes, ta zagaya wajen bango.

Ƙofa ta buɗe. Mercy ce, jaririya a kafaɗa, tana takawa a hankali irin ta mai ɗinki. Daga bakin ƙofa abin da ta gani shi ne uwarta ta kowace Lahadi.

"Ga ta nan ai," ta ce. "Ga ta nan lafiyarta ƙalau. To me ya kashe ta? Kwana huɗu kawai?"

Na'ima ta ɗaga buroshin da sauri za ta kai kuncin hagu.

"Dakata."

Mercy ta zagayo ta ƙafafun akwatin ta shigo lungun bango. Ta tsaya. Ta dubi kuncin da ba a taɓa ba, ta dubi buroshin, ta dubi ɗan akwatin mai taurari da ke buɗe a kan benci, gurbi ɗaya fari tas a cikinsa. Ta sake duban uwarta. Ba ta yi ihu ba. Na'ima ta so a ce ihun ta yi.

"Tun yaushe?"

"Tun watan takwas."

"Da kayan da na aiko."

"Shi kaɗai ya karɓe ta. Na nemi wani, babu."

"Na ce miki tsakaninki da Allah, Anti."

"Kin ce."

"Da na zo ranar Talata."

"Da kin same ta a ƙofar ɗaki tana faɗa da mai ruwa." Hawaye ya kece wa Na'ima, ba ta da hannun sharewa. "Ba ni da abin da zan ce miki, Mercy. Tsoron ranki ta ji, ni ma na ji. Na riƙe lokacin da ya kamata in saki. Maganarta ta ƙarshe ita ce in ajiye miki wannan, kada ki gan ta haka. Ki bari in ƙarasa mata."

A waje an fara waƙa, ana jin ƙarar kujerun roba da direban motar Zonkwa yana cewa rana tana yi. Timothy ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Jaririyar ta motsa, Mercy ta jijjiga ta ba tare da ta ɗauke ido daga fuskar ba.

"Wata huɗu tana nuna min wancan gefen," ta ce. "Ki bar mata shi, nata ne, jama'a su gani. Wannan kuma ki bar min. Ban taɓa ganin sa ba."

Ta jawo ɗan bencin da ke jikin bango ta zauna. Ta ɗaga murya ta ce wa kawunta ya buɗe.

Mutane suka fara shigowa a layi ta wajen ƙofa, matan Zumunta a gaba da zanensu iri ɗaya, sai tsofaffin malaman makarantarsu, sai 'yan layi, har da mai ruwa da hularsa a hannu. Kowa ya zo sai ya ɗan tsaya ya leƙa. Wata tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo Asabe, kamar barci take yi. Ku dubi fuska, ciwon ma bai taɓa ta ba."

Mercy ba ta ɗago ba. Ta kwantar da jaririyar a cinya, ta miƙa hannu cikin akwatin ta ɗora tafinta a kan kuncin hagu, tana bin ƙashin da babban yatsa. Can, ba tare da ta waiwaya ba, ta matsa gefe kaɗan a kan bencin.

"Zauna, Anti. Kin daɗe a tsaye."

Na'ima ta zauna a lungun bango kusa da ita. Buroshin yana hannunta har yanzu, ta riƙe shi tsaye, kansa a sama, ta kare shi da ɗaya tafin don kada iskar masu wucewa ta kaɗe ɗan garin da ke bakinsa.